INJIN YANKE ITACE: BABBA KO ƘARAMI, WANNE YA DACE DA KAI?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina da rani, tun daga Yashe har ya wuce Kankiya, ba zai rasa ganin tarin itacen girki a bakin titi ana jiran mai saye ba. A da can, gatari da ƙarfin damtse ne ke tara wannan itace. Yanzu kuwa da hantsi sai ka ji kukan inji yana tashi daga bayan gari, ko a Rimaye, ko Kafin Soli, ko Mawashi. Aikin da majiya ƙarfi uku za su wuni suna yi, mutum ɗaya ya gama shi kafin azahar.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin gas da na kananzir suka ƙara yin sama, gidaje da yawa a birni suka koma murhu. Masu gidan burodi, da masu tuyar ƙosai, da masu shayi, da masu tsire, duk itace suke nema. Saboda haka matasa da dama a ƙasar Kankiya da Kusada suka fara tunanin sayen injin yanke itace don su riƙe shi sana'ar rani. Wani ya sayar da ɗan maraƙinsa, wani ya sayar da buhunan waken da ya noma. Tambayar da aka fi yi mana ita ce: wane girman inji zan saya? Amsar da mai shago ya fi bayarwa kuwa ita ce babba, don shi ne ya fi tsada. To bari mu zauna mu duba maganar a tsanake.

ME AKE NUFI DA GIRMAN INJI?

Idan ka ɗauki injin ka duba jikinsa ko kwalinsa, za ka ga wata lamba da haruffa biyu a gabanta, kamar 32cc, ko 45cc, ko 72cc. Ana furta haruffan "si-si", amma ba sisin kuɗi ba ne. Awo ne na faɗin cikin silinda, wato ɗakin nan da fistin ke kaiwa da komowa a ciki yana matsa iska da fetur. Cc 1,000 su ne lita ɗaya. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kamar cc 5, daidai da ƙaramin sirinjin da ake allura da shi a asibiti. Ke nan injin da aka rubuta wa 50cc, cikinsa bai wuce cokali goma ba.

Kada ƙanƙantar ta ruɗe ka. Babur ɗin Boxer da 'yan acaɓa ke ɗaukar mutum biyu da buhu a kai, cc 100 ne ko kusa da haka. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, wanda masu cajin waya da masu aski ke amfani da shi, cc 63 ne. To akwai injin yanke itace mai cc 106. Wato injin da ya fi na babur girma ne mutum zai rungume a hannu, da haƙora suna gudu a gabansa.

Yawan cc shi ke nuna abu uku a lokaci guda: ƙarfin injin, da nauyinsa, da yawan man da zai sha. Ba a samun ɗaya a bar biyun. Wanda ya sayi ƙarfi ya sayi nauyi, ya kuma sayi ƙishirwa.

Za mu ba da misali da injunan kamfanin Stihl na ƙasar Jamus, ba don talla ba, sai don su ne kowa ya sani, kuma wasu daga cikin na ƙasar Sin da ke kasuwa su aka kwaikwaya. Ƙaraminsu mai lamba MS 180 yana da cc 32 da ƙarfin doki 2, nauyinsa kilo 4. Na tsakiya, MS 250, cc 45 ne, ƙarfin doki 3, nauyi bai kai kilo 5 ba. Sai MS 381 mai cc 72, ƙarfin doki 5 da 'yan kai, nauyi kilo 6 da rabi. Babban yayansu shi ne 070, wanda masu tsaga katako a dazukan kudu suka fi so: cc 106, ƙarfin doki 6 da rabi, nauyi kusan kilo 11. A lura, duk wannan nauyi na gangar jikin injin ne kawai. In aka ɗaura masa dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai, wanda za mu riƙa kira takobi, aka sa sarƙar, aka cika tanki, to 070 ya wuce kilo 13. Wannan kamar tiya biyar ce ta gero. Ka gwada riƙe tiya biyar a gabanka, hannu a miƙe, kana sunkuyawa kana miƙewa tun safe har la'asar. Shi kuwa ƙaramin, da komai nasa bai fi tiya biyu ba.

Tarihin injin ma kansa labarin rage nauyi ne. Andreas Stihl ya ƙera na farkonsa a 1926, mai aiki da lantarki. Na fetur da ya fitar a 1929 ya haura kilo 40, sai mutum biyu ke iya aiki da shi, ɗaya a kowane ɓangare. A 1959 kamfanin ya fitar da wani mai suna Contra mai kilo 12, wanda mutum ɗaya ke ɗauka, ya kuwa samu karɓuwa a duniya. Masu ƙera abin sun yi shekara da shekaru suna neman yadda zai yi sauƙi a hannu. Mu kuma sai mu je kasuwa mu ce a ba mu wanda ya fi nauyi.

FARA AUNA ITACEN KAFIN KA AUNA INJIN

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara zuwa kasuwa. Kamata ya yi ka fara zuwa gona, da igiya a hannu. Ka zagaya wuraren da kake sa ran samun aiki, ka duba irin itacen da za ka riƙa yankawa kullum, ba wanda za ka gamu da shi sau ɗaya a shekara ba.

Ga yadda ake gane kaurin itace ba tare da an yanka shi ba. Ka zagaya igiya a jikin gungumen ko reshen, ka auna tsawon igiyar, sannan ka raba gida uku. Abin da ya fita, shi ne kaurin, ko ya ɗara kaɗan. Idan igiyar ta ba ka inci 36, kaurin itacen kamar inci 12 ne. Wanda ba shi da tef ɗin tela sai ya yi da hannu. Taƙin babban mutum kamar inci 8 zuwa 9 ne, kamu ɗaya kuwa kamar inci 18.

In ka yi wannan awo a ƙasarmu, me za ka tarar? Mu ba a kurmi muke ba. Yawancin itacen girkin da ke fita daga Kankiya da Kusada rassan bedi ne, wato darbejiya, da ake sassarewa a gidaje da bakin hanya da iyakokin gonaki. Sai turare daga 'yan gandayen da mutane suka dasa, sai bagaruwa, da marke, da busassun rassan ɗorawa da mangwaro. Mafi yawansu ba su wuce taƙi ɗaya zuwa taƙi da rabi ba. Kalgo da sabara da geza kuwa ba su ma kai a tayar musu da inji ba, adda ta ishe su.

Ƙa'idar masu aikin ita ce takobin ya ɗara kaurin itacen da kamar inci biyu, don a yanke shi a tashi ɗaya. In aka gamu da wanda ya fi takobin kauri, sai a yanka ta wannan gefe a zagaya a ƙarasa ta wancan. Da haka takobi mai inci 16 kan iya raba gungume mai inci 25 ko fiye, sai dai a hankali.

Shi kuma takobi gwargwadon injin ake ɗaura shi. Inji mai cc 30 zuwa 40 yana jan takobi mai inci 12 zuwa 16. Wannan ya dace da magidancin da ke son gyara bishiyoyin gidansa da na gonarsa, ya tara itacen shekara, ya taimaki maƙwabta. Mai cc 45 zuwa 55 yana jan inci 16 zuwa 18, wani har 20. A ganina, wannan shi ne injin mai sana'ar itacen girki a wannan yanki namu. Zai wuni yana datsa bedi da turare bai gaji ba, kuma bai kashe kafaɗar mai shi ba. Mai cc 60 zuwa 75 yana jan inci 20 zuwa 25, na wanda ake kira ne musamman in tsohuwar tsamiya ko maɗaci ya faɗi da iskar farkon damina ya tare hanya. Daga cc 90 zuwa sama kuwa, wannan na tsaga katako ne, ana bin gungume a tsaye ana fitar da falanki. Ba aikin itacen girki ba ne ko kaɗan.

Akwai wata dabara da wasu masu shago ke yi: su ɗaura dogon takobi mai inci 22 ko 24 a kan ƙaramin inji, don ya cika ido. Mai saye sai ya ga kamar ya yi riba. Alhali kuwa kamar a ɗaura wa jaki amalanken shanu ne. Duk ƙarin tsawo ƙarin haƙora ne da injin zai ja a cikin itace. Sai ka ji muryarsa ta dusashe, sarƙa na tsayawa, kulocin na zafi har ya yi hayaƙi. Inji mai cc 50 da takobi mai inci 18 ya fi shi kansa sauri in an sa masa mai inci 24.

TAURIN ITACE DA ƘURAR ƘASARMU

Kauri ba shi kaɗai ba ne. Kowa ya san ƙirya: da ita ake sassaƙa turmi da taɓarya, gawayinta maƙera ke nema. Busasshiyar ƙirya mai taƙi ɗaya ta fi ɗanyen turare mai taƙi biyu wahalar da inji. Haka marke da tsamiya da kanya da aduwa. Idan irin waɗannan ne suka fi yawa a aikinka, ka hau mataki ɗaya: maimakon cc 45 ka nemi 55 ko 60, amma ka bar takobin gajere. Kuka kuwa, duk girmanta, cikinta kamar soso ne cike da ruwa, ba ta wuta. Wanda ya sayi babban inji don ya ga manyan kukoki a gari ya yi asarar kuɗinsa, garin kuma zai yi asarar miya.

Sai maganar yashi. Itacen da ya daɗe kwance a ƙasa, ko wanda gara ta yi wa rufin laka, ko ɓawon da iskar hunturu ta cika da ƙura, duk suna cinye kaifin sarƙa. Taɓa ƙasa sau ɗaya da sarƙa tana gudu ya isa ya dakusar da ita. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Sai inji ya daina ci, mai shi ya ce ai ƙarami ne, ba shi da ƙarfi, ya fara neman babba. Matsalar kuwa ba ta wuce ta magagari ba. Ga alamar da za ka gane: sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa manya-manya, kuma ita ke jan kanta cikin itacen. Wadda ta dakushe gari take fitarwa mai laushi kamar dusa, sai ka danna da ƙarfi, wani lokaci har ka ji ƙauri. Ƙwararru kan ɗan goga wa kowane haƙori magagari sau biyu ko uku duk lokacin da suka tsaya ƙara mai.

Kowace sarƙa da girman magagarinta. Ta ƙananan injuna mai milimita 4 take so, ta matsakaita 4.8, ta manya 5.2 ko 5.5. Ka sa mai shago ya haɗa maka da wanda ya dace tun ranar saye. Af, su waɗannan haƙora masu lanƙwasa, wani ma'aikacin daji ne a Amurka mai suna Joseph Cox ya ƙirƙiro su, aka fara ƙera su a 1947, bayan ya zauna ya lura da yadda wata tsutsa ke cin itace da bakinta. Tsutsar ba ta da ƙarfin doki ko ɗaya. Kaifi gare ta.

LISSAFIN MAI

Injin yanke itace ba shi da wurin zuba baƙin mai daban kamar Boxer. Ana gauraya masa mai ne a cikin fetur, kamar ƙaramin janareta. Man da ake nufi shi ne wanda aka rubuta wa 2T a jikin robarsa. Injunan Stihl da Husqvarna na zamani, in da mai mai kyau ne, kashi 1 ake sawa cikin kashi 50 na fetur. Wato lita ɗaya ta fetur, cc 20 na mai, cokalin shayi huɗu ke nan. Galan mai lita 4 zai ci cc 80. Yawancin na ƙasar Sin kuwa kashi 1 cikin 25 suke so: lita ɗaya cc 40, galan cc 160. Abin da aka rubuta a takardar injinka ko a marfin tankinsa shi za ka bi. In karatun bai yi ƙarfi ba tukuna, ka kai wa wanda zai karanta maka, ka sa ya rubuta maka lambar a jikin galan. Ka nemi sabon sirinji mai cc 20 a kemis ka riƙa awo da shi. Awon ido shi ke kashe inji: in man ya yi kaɗan fistin ya kama, in ya yi yawa fulogi ya toshe.

Tankin ƙaramin MS 180 rubu'in lita yake ɗauka. Na MS 250 kusan rabin lita. Na 070 ya haura lita ɗaya. Babban inji ko yana yanka reshe mai kaurin damtse ne, sai ya sha rabonsa. To ka tuna cewa ribar itacen girki ƙarama ce, ɗauri-ɗauri ake tara ta. Daga cikinta za ka fitar da kuɗin bishiyar, da na amalanke ko kura, da na mai faskare, da na sarƙa. In mai ya cinye saura, wa ka yi wa aiki?

Akwai tanki na biyu a gaban injin, na man da ke jiƙa sarƙa. Duk lokacin da ka cika fetur ka cika shi. Mutane da yawa kan zuba masa baƙin man da aka juye daga mota don araha. Masu ƙera injin sun hana, domin akwai ɓurɓushin ƙarfe a cikinsa da ke cinye famfon man da takobin. Dogon takobi kuma ya fi gajere shan wannan mai.

Na ga wannan da idona a kan wani ɗan'uwana. Ya sayo babban inji na hannu daga wani da ya dawo daga aikin katako a kudu, yana murna ya samu araha. Ranar farko yaran unguwa suka taru kallo. Kafin wata biyu ya gane cewa rassan bedin da ake kiransa yankewa ba su biyan kuɗin man. Kafaɗa ta riƙe, tayar da injin ma sai ya nemi mai taya shi ja. Daga nan sai ya fara bin mutane yana tambaya ko za su sayar masa da ɗorawar gonarsu.

ABIN DA BABBAN INJI KE JAWOWA GONA

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi damuna. Wanda ya zuba kuɗi masu yawa a babban inji dole ya nemi babbar bishiya don ya mayar da kuɗinsa. Manyan bishiyoyin da suka rage mana kuwa su ne masu ciyar da mu: ɗorawa mai ba da kalwa da garin ɗorawa, tsamiya ta kunu, kanya, da gawo. Kowane manomi ya san gawo na zubar da ganyensa da damina ya fitar da rani, ya san yadda gero ke yi a ƙarƙashinsa, ya san yadda tumaki ke rububin 'ya'yansa lokacin da ciyawa ta ƙare. Ɗorawar da kakanka ya bari ta yi shekaru masu yawa kafin ta kai haka. Injin cc 72 zai kwantar da ita kafin shayi ya huce.

Dattawa za su tuna aikin dashen itatuwa da Tarayyar Turai ta tallafa wa a Jihar Katsina daga 1987, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, lokacin da aka riƙa raba wa manoma irin bedi da turare kyauta. A 2015 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, Katsina na cikin jihohi 11 da aikin ya shafa. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun bi wata hanyar. Tun daga 1983 manoma can suka fara abin da suke kira sassabin zamani: in an zo sharar gona ba a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da bishiyoyi kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Matan can da yawa a gonar gida suke samun itacen girki, daga rassan da ake ragewa duk shekara.

Irin wannan aiki na rage rassa shi ne aikin ƙaramin inji da matsakaici. Bedi da turare suna da wata baiwa: in an yanke su daidai, suna sake tohowa. Mai inji da ya fahimci haka yana da gonar da zai riƙa komawa girbi duk bayan 'yan shekaru. Kuma a sani, sare bishiya sai da izini. Kafin ka kayar da kowace, ko a gonarka take, ka je sashen kula da gandun daji na ƙaramar hukumarka ka ji ƙa'ida, ka kuma sanar da mai unguwa. Wanda malaman daji suka kama ba takarda, tara da ƙwace inji na iya hawa kansa.

HATSARI

Sarƙar injin nan tana gudun kamar mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Ba ta bambanta reshe da ƙafa. Mafi munin hatsarinta shi ne harbi: in saman hancin takobin ya taɓa wani abu, ko itace ya matse shi, sai injin ya yi tsalle sama ya nufo fuskar mai shi, da saurin da ba a iya kaucewa. Gwargwadon ƙarfin inji da tsawon takobi, gwargwadon ƙarfin harbin. Saboda haka kada ka sayi injin da ba shi da birkin sarƙa, wato marfin nan da ke gaban hannun hagu, wanda in ya bugi wuyan hannu sarƙa ke tsayawa nan take. Tsofaffin manyan injuna da yawa, har da 070 na asali da kwafinsa, ba su da shi.

Raunuka da yawa ana samunsu ne lokacin da hannu ya gaji. Wannan ma wani dalili ne na guje wa nauyin da ya fi ƙarfinka. Kada a ɗaga inji sama da kafaɗa. Kada a riƙe shi da hannu ɗaya. Hawa bishiya da inji kuwa, yadda muke gani ana yi da silifa ba igiya, wannan sayar da rai ne. Reshen da ke sama a hau masa da gatari ko zarton hannu, in ya sauko ƙasa inji ya datsa. A cire babbar riga da rawani da duk abin da ke lilo. A sa takalmi mai rufi, da tabarau, a toshe kunne, don ƙarar injin ta isa ta rage wa mutum ji in ya daɗe yana yi. A kori yara nesa, ninki biyu na tsawon bishiyar. Bedin cikin gari kuma a duba shi da kyau, sau da yawa akwai tsofaffin ƙusoshi da waya a jikinsa, wani kuma akwai amya ko wayar lantarki a sama.

RANAR SAYE

Ko a Katsina za ka saya, ko a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da wanda ya san inji. Kafin ka tambayi kuɗi, ka tambayi kayan gyara: akwai fistin da ringi da kafireta da igiyar tayarwa da sarƙar wannan samfuri? Sannan ka tambayi kanka ko akwai makanikin da zai iya buɗe shi a Kankiya ko Kusada, ko kuwa duk lalacewa sai an shiga mota. Injunan ƙasar Sin da ake rubuta wa 5200 da 5800, wato cc 52 da 58, sun yi yawa a kasuwa, kayansu na samuwa, kuɗinsu da sauƙi. Ba su kai na asali ƙarko ba, kuma ba kowace lambar da aka manna a jikinsu ce gaskiya ba. Amma wanda ya sayi na Sin da saninsa ya fi wanda aka sayar wa jabu da sunan na Jamus. In ka ga sabon inji da babban suna a kan kuɗin da bai kai rabin na dila ba, ka san abin da ke nan.

Akwai kuma masu aiki da batir da suka fara shigowa. Su ba a auna su da cc, ba su shan fetur, ba su da ƙara sosai. Suna da kyau ga gyaran bishiyar gida in akwai sola, amma ba su kai ga wunin sana'a ba sai da batura da yawa.

In na hannu ne, ka riƙe igiyar tayarwa ka saki injin a hankali. Mai lafiya zai tsaya ko ya riƙa sauka da ƙyar, tsaye-tsaye. Wanda ya zube ƙasa kai tsaye, matsinsa ya tafi. Ka sa a kwance bututun hayaƙi ka leƙa fistin, in ka ga zane-zane a jikinsa ka bar shi. Ka sa a tayar da shi da sanyinsa a gabanka, ka nuna hancin takobin ga wani kwali ka ba shi wuta, ka ga ko yana fesa ɗigon mai.

Wanda itacen gidansa kawai yake so, sau biyu ko uku a shekara, ba lallai ne ya saya ba. Ya kira mai inji ya biya shi, ko su haɗu su biyar ko shida a ƙungiyar manoma su sayi matsakaici ɗaya, su damƙa shi a hannun mutum guda da zai koyi aikin. Injin da ke yawo hannu-hannu ba ya shekara.

In inji ya zo gida, ga abin da zafinmu da ƙurarmu ke bukata. Iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba, don haka a watannin Maris da Afrilu a yi aikin da sassafe ko bayan la'asar, a riƙa ba shi hutu a inuwa. Kowace yamma a buɗe matatar iska a kakkaɓe, a share tsakanin haƙarƙarin silinda da tsohon buroshi, a juya takobin sama ya koma ƙasa duk lokacin da aka canza sarƙa don ya ci daidai. Fetur ɗin da aka gauraya kada ya wuce wata ɗaya a galan. In damina ta kama za a koma gona, a juye tankin, a tayar da injin ya ƙone sauran man da ke cikin kafireta har ya mutu da kansa, a cire sarƙar a jiƙa ta da mai, a rataye shi inda yara ba za su kai ba.